Ranar da Dutsen Sulle Ya Yi Aman Wuta

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi na Kafin Dafga ya san Sulle Na-gani, ko yana so ko ba ya so. Sau ɗaya tak ya taɓa fita daga ƙasar Kano, lokacin da ya bi wata motar masara zuwa Filato a matsayin karen mota, kuma daga wannan tafiyar direban bai ƙara waiwayarsa ba. Amma tun da ya dawo ba a isa a ɗauko zance a gabansa ba, na taki ne ko na ciwon haƙori, sai ya dire kofi ya ce, "Ni da na gani da idona a Filato..." Da haka sunan ya bi shi.

Abin da ya gani ɗin wani tafki ne a kan dutse. Wai a zamanin da dutsen aman wuta yake yi, da ya mutu sai ruwa ya taru a bakinsa, garai-garai. Masu hali suna zuwa da motoci su kakkafa tantuna, su gasa nama, su ɗauki hoto, su kwana a waje da gangan alhali suna da gidaje. Motarsu Sulle faci ta yi a kusa da wurin, shi ne ya samu ya leƙa kafin direba ya daka masa tsawa ya dawo ya riƙe jak. Amma in ka ji shi yana bayani, sai ka rantse shi ya haƙa tafkin.

Ba wanda surutun nan ya dama sai da ya kai kunnen Bahijja, 'yar Alhaji Abdulmutalib mai sayen gyaɗa a Jajaye. Yarinya ce mai hankali, sai dai zaƙin baki ya ɗan ja ta, har ta ce masa ya turo. Sulle kuwa, a faɗi gaskiya, son ta yake da gaske, kuma wannan kaɗai ne abin da ke bakinsa da ba ƙari a ciki. Magabatansa suka je, aka gaisa, aka yi addu'a, Alhaji ya yi musu tambaya ɗaya.

"Mece ce sana'arsa?"

Magabata suka dubi juna, suka dubi tabarma. Alhaji ya ce to, ba abin faɗa ba ne, ranar da yaro ya nuna masa sana'a ya gani da ido sai a dawo a yi magana. In kuma babu, akwai masu jira.

Ko kwana biyu ba a yi ba Sulle ya aika wa Alhaji cewa ya zo ranar Asabar bayan azahar gindin Dutsen Maiƙaho, ya ga wurin shaƙatawa na farko a duk Karaye da Rogo. Dutsen Maiƙaho fa wani curin dutse ne a kan hanyar Jajaye, da kududdufi a gindinsa inda ake shayar da shanu a wanke babura. Ruwan ma kalar koko gare shi.

Abokinsa Jibo mai faci, wanda tun suna yara Sulle ke jefa shi a wahala, shi Sulle ya ja suka je gano wurin. Jibo ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa.

"Sulle, ka ce tafkin can a kan dutse yake. Namu a ƙasa yake."

"To ai namu ya fi ke nan. Baƙo ba sai ya sha wahalar hawa ba."

"Ka ce ruwan garai-garai."

"A hoto duk ɗaya ne. Kai me ka sani game da hoto?"

"Kuma ka ce dutsen wuta yake amayarwa."

Sulle ya waiga hagu da dama, ya matso. "Namu ma zai amayar. Tsofaffin tayoyin nan na bayan rumfarka, me kake yi da su?"

Jibo ya ce, "La ilaha illallahu."

Saura tanti. Sulle ya nufi gidan yayarsa Mas'uda, wadda ke ba da hayar rumfuna da kujeru na biki. Ta saurare shi har ya gama, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sababbin duk suna gidan biki a Fulatan. Ko suna nan ma ba zan ba ka ba, don kai ko ludayi aka ba ka aro sai ya dawo ba mariƙi. In kana so ga tsohuwar can a zaure."

"Yaya, koriyar?"

"Ita. In ka raina ka bar min abata."

Koriyar rumfar nan ba wanda bai san ta ba a yankin. Ta koɗe, tana da facin buhu a kusurwa ɗaya, kuma Mas'uda ba ta kai ta biki. Ita take bayarwa sadaka duk gidan da aka yi rasuwa, a zauna a ƙarƙashinta a karɓi gaisuwa. Ko yaro ya hango ta a ƙofar gida ya san an yi rashi. Sulle ma ya sani sarai, amma ya ɗaga kafaɗa ya ce tanti tanti ne, a Filato ma akwai koraye.

Ranar Asabar da hantsi suka ɗora komai a babur ɗin Jibo: rumfa, ƙarafunanta, tabarmi, tayoyi, kaji biyu, da Sulle a can sama cikin babbar rigar aro da hula da takalmi sau-ciki. Kafin su fita gari ƙarafunan sun share tiren wata mai awara, sun zubar da bokitin mai wankin hula, sun kusa cire wa wani jaki kunne. Duk wanda ya zage su sai Sulle ya ɗaga masa hannu kamar ɗan takara.

A gindin dutse ƙasa ta ƙi karɓar ƙarfe, don fa ne, shimfiɗaɗɗen dutse, a ƙarƙashi. Sulle ya karɓe guduma daga hannun Jibo, ya ce bari ya nuna masa yadda masana ke yi, ya ɗaga ya sauke a kan babban yatsansa. Rumfar ta faɗo masa a ka har sau biyu. Da ƙyar suka tsayar da ita da duwatsu, a karkace. Kaza ɗaya ta tsinke igiya ta shiga gonar dawa, ba a sake ganin ta ba. Samarin cikin Karaye da Sulle ya ce sun yi masa alkawarin zuwa da manyan wayoyi kuwa, ko ƙeyar ɗaya ba a gani ba.

Jibo ya ce, "Ina baƙin?"

"Manyan mutane ba sa zuwa da wuri. Kai dai hura wuta ka gasa kazar nan, ka zuba yaji sosai."

Itacen ɗanye ne. Jibo ya durƙusa yana hurawa, hayaƙi da yaji suka cika masa ido, hawaye shaɓe-shaɓe. Shi kuwa Sulle ya tuɓe babbar riga don kada ta ɓaci, ya ninke ta a kan wani fa a bakin ruwa, ya ɗora hula, ya jera takalma a gefe. Ya rage daga shi sai singileti da gajeren wando. Ya rataya tayoyi a wuya, ya ɗauki kwalbar fetur.

"Jibo, rantse. Duk wanda ya tambaye ka inda na tafi, ba za ka faɗa ba. In aka gane hayaƙin na taya ne, na rasa Bahijja."

"Haba Sulle, har sai na rantse?"

"Rantse!"

Jibo ya rantse da Allah, Sulle ya zagaya ta bayan dutse ya fara hawa.

Bai daɗe da ɓacewa ba sai ga Gwaggo Barira, ƙanwar Alhaji Abdulmutalib, a bayan ɗan acaɓa za ta koma Jajaye. Matar nan in labari ya shiga kunnenta bai taɓa kwana a cikinta ba. Ta hango koriyar rumfa a bakin ruwa, ta doki bayan ɗan acaɓa ta ce ya tsaya. Ta dubi tabarmi a shimfiɗe. Ta dubi riga da hula da takalma a bakin kududdufi ba mai su. Ta dubi Jibo a tsugune, ido jajir, hawaye har gemu.

"Jibo! Ba kayan Sulle ne wancan ba? Ina yake?"

Jibo ya buɗe baki, ya tuna rantsuwa, ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, don Allah kada ki tambaye ni. Wallahi ba zan iya faɗa ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ruwa ya ci Sulle!"

Jibo ya miƙe zai yi magana, yaji ya sarƙe shi, ya kama tari. Kafin tarin ya sake shi babur ya yi nisa, ana jiyo salatin Gwaggo yana tafe yana raguwa.

Kai, jama'a ba su da wuyar taruwa! Kafin a yi azahar gindin Dutsen Maiƙaho ya cika. Masu roron gyaɗa suka bar gonaki, makiyaya suka tsayar da shanu, mutanen Kafin Dafga da na Jajaye suka yi ta sauka daga babura suna cire takalma suna zama a tabarmi. Jibo ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Jama'a, bai mutu ba fa! Wallahi bai mutu ba!"

"To ina yake?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Allah sarki. Tare suka tashi, har yanzu bai yarda ba. Ku riƙe shi kada ya faɗa ruwan shi ma."

Ƙarti biyu suka zaunar da shi suka danne, wata tsohuwa tana shafa masa ruwa a ka. Samari suka tuɓe suka yi ta nutso a kududdufi. Suka fito da tsohon turmi, da murfin tankin babur, da ƙahon sa. Da suka gaji suka cinye kazar, wai don su samu ƙarfin ci gaba. Mas'uda ta iso ba ko mayafin kirki, ta ga rumfarta, ta zube ƙasa.

"Wayyo ni! Ashe da hannuna na ba shi rumfar makokinsa! Har ina yi masa gorin ludayi!"

Shi kuwa gogan yana can yana fama da dutse. Taya ɗaya ta suɓuce masa tun a tsakiya, ya bi ta, ya goge gwiwa, ya sake hawowa yana haki. Da ya kai ƙololuwa ya leƙo ƙasa, sai ya ga mutane maƙil, babura jere, har da farar motar Alhaji tana tsayawa. Daɗi ya kashe shi. Ya daki ƙirji shi kaɗai.

"Ka gani ko, Jibo! Wa ya ce ba za a zo ba? Har wanka suke yi a tafkin!"

A ƙasa, Alhaji Abdulmutalib ya fito daga mota da matan gidansa, Bahijja a cikinsu ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Aka ba shi wuri a tsakiyar rumfa, aka yi addu'a aka shafa. Sai aka zo wurin faɗin alherin mamaci, nan fa aiki ya samu mutane. Kowa ya shiga laluben abin faɗa.

Wani ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ba ya rowar labari."

Wani ya ce, "Bai taɓa dukan kowa ba. Shi ake duka."

Mai shayi ya ce, "Teburina zai yi shiru." Ya faɗa da wata irin murya da ba a gane ko kuka ba ce ko godiya.

Alhaji ya ga abin ya yi wa marigayi ƙaranci, ga Mas'uda tana birgima, ga 'yarsa tana sheshsheƙa. Ya gyara murya. Ya kuma san abin da yake yi, don wanda ke ƙarƙashin ruwa ba zai zo karɓar alkawari ba.

"Yaron nan ni ya kira in zo in ga sana'arsa, ga shi a kan neman halali ya cika. Ku shaida, wallahi tallahi da yana raye da na ba shi Bahijja."

Jama'a suka ce, "Allahu akbar! Allah ya saka da alheri, Alhaji."

A daidai lokacin Sulle ya tula tayoyi a bakin wani kogo, ya juye musu fetur gaba ɗaya, ya sunkuya dab ya ƙyasta ashana. Fuu! Wuta ta tashi ta lashe masa gira da gashin goshi. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, rabi ya yi sama, rabi ya shige kogon. Kogon kuwa gidan zuma ne, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa su.

Mutanen ƙasa suka ga hayaƙi yana fita daga kan dutse, suka miƙe suna salati. Sai ga taya tana ci da wuta tana gangarowa tana tsalle. Ta ratsa tsakiyar masu makoki, ta doki ƙafar rumfa ɗaya, ta faɗa kududdufi ta yi cuu. Ba wanda ya lura da wani baƙin abu da ya gangaro ta ɗaya gefen yana ihu yana marin kansa, ya yi tsalle ya faɗa ruwa ta can ƙarshe. Sulle ya nutse don zuma ta rabu da shi, ya yi ta rarrafe a cikin taɓo har numfashinsa ya ƙare. Sannan ya ɓullo, daidai gaban rigarsa, daidai gaban jama'a.

Baƙi ƙirin da hayaƙin taya, ba gira, leɓe ya kumbura, ido ɗaya ya rufe, gansakuka a ka.

Wata mata ta ƙwalla ƙara, "Fatalwa!"

Wallahi ba a taɓa gudu irin na ranar ba a ƙasar Rogo. Tsofaffin da aka kawo a riƙe suka wuce masu riƙe su. Masu nutso suka fita ba wando. Ƙartin da ke danne da Jibo suka tattaka shi suka wuce. Alhaji ya nufi mota da takalmi ɗaya, ya ja ƙofa ta ƙi buɗuwa, sauran zumar da ta biyo Sulle ta same shi a nan ta harbe shi a kunne. Mas'uda kaɗai ta tsaya. Ta matso, ta ƙura wa abin ido, ta cire silifa ta ɗauke shi da ita a ƙeya.

"Fatalwar gidanku! Sulle ne! Ku dawo, ɗan banzan nan ne da ransa!"

Aka dawo a hankali, ana leƙe. Da aka tabbatar, sai tsoro ya koma zagi. Sulle kuwa ko a jikinsa. Ya fito daga ruwa yana ɗiga, ya je gaban Alhaji ya durƙusa, yana magana da ƙyar ta kumburarren leɓe.

"Baba Alhaji, barka da zuwa wurin shaƙatawa. Ka ga aman wutar?"

Alhaji yana riƙe da kunne ya ce, "Na ga taya."

"Somin-taɓi ne, Baba. Amma dubi jama'a! Ranar farko ke nan fa."

"Gaisuwar mutuwarka suka zo, sakarai!"

Sulle ya dubi rumfa, ya dubi tabarmi, ya dubi jajayen idanun mata, sai a lokacin abin ya shiga kansa. Jibo ya taso yana ɗingishi ya raɗa masa abin da Alhaji ya faɗa. Nan take idon da ya rage masa ya yi haske, ya miƙe tsaye.

"Baba Alhaji, an ce ka rantse! Ka ce da ina raye da ka ba ni. To ga ni a raye! Jama'a, kun shaida ko ba ku shaida ba?"

Aka yi gunaguni. Shaida kam an shaida. Alhaji ya juyo ya dubi Sulle.

"Na rantse, ban musa ba. Kaffara zan yi, in ciyar da miskinai goma. Kai ma ka zo da kwanonka."

Wani dattijo ya ce, "A'a, Alhaji. Magana ce ta fita daga bakin babba a gaban mutanen gari biyu. A duba dai."

Alhaji ya share gumi. Can ya ce, "To. A tambayi yarinya. In ta ce tana so, na ba shi, in ya so in mutu da baƙin ciki."

Sulle ya yi wata dariya da ta karkace saboda kumburi. "Ai an gama! Ku dubi idonta. Duk wurin nan wa ya kai ta kuka?"

Bahijja ba ta iya magana a gaban maza ba. Ta ja Gwaggo Barira gefe, ta yi mata raɗa a cikin mayafi, ta daɗe tana yi. Gwaggo ta saurara, ta gyaɗa kai, ta juyo. Da ma ba ta iya ƙaramar murya ba.

"Ta ce da na kai labari ta yi kuka na gaskiya, har muka fito daga gari. Ta ce daga nan kuma sai ta ji zuciyarta ta yi sakayau, kamar an sauke mata tulu daga ka. Kukan da kuka ga tana yi a nan na kunya ne, don kada a gane. Ta ce ta gode wa Allah da ya bar shi da ransa, amma tun da an nuna mata wannan, ba za ta zauna da mutumin da rashinsa ya fi mata sauƙi ba."

Sulle ya dubi Bahijja ko za ta ɗago ta ce Gwaggo ta yi ƙari, amma ta riga ta juya ta nufi mota. Ya zauna daɓas a kan tabarma a ƙarƙashin karkatacciyar rumfa, ruwa yana tsiyaya daga jikinsa. Zafin harbin zuma duk bai kai wannan ba.

Mutane suka fara neman takalmansu. Mai shayi ya zo wucewa, ya tsaya, ya ce tun da gaisuwa ta kawo shi ba zai koma da ita gida ba. Ya sunkuya ya miƙa wa Sulle hannu.

"Ya haƙuri, Sulle?"

Na bayansa ya ga haka shi ma ya miƙa. Kafin ka ce me, an yi layi, mutanen Kafin Dafga da na Jajaye, kowa yana danne dariya yana miƙa hannu. Sulle bai ɗago kai ba. Yana karɓar hannuwan ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa da wata 'yar siririyar murya da ba a san shi da ita ba.

"Da godiya. Da godiya."